Tukwanen Iskar Baban Laisha

"Baba, yau ma tukwanenka za su yi tusa?"

Shiyam ya dakata da gutsurin gurasa a hannu. Ya dubi 'yarsa Laisha, sannan ya dubi matarsa Mausuma, wadda ta duƙufa kankare kwakwa kamar ba ta ji ba.

"Wace irin tusa kuma, sarkin surutu?"

"Wadda Mama ta sa su yi ranar da ka tafi birnin Male. Fuuuu! Har kaji suka gudu."

Mausuma ta ajiye kwakwar. Dama ta san ranar nan za ta zo. Mako bakwai ke nan da iskar damina ta hana jiragen masu nutso na tsibirin fita teku, Shiyam ya jingine tukwanen iskarsa huɗu na nutso a bangon madafa, kusa da inda ake ƙyafe kifi. Wata safiya ɗaya ta zame ta faɗi, saura ƙiris ta murƙushe ƙafar Laisha. Da Mausuma ta taɓa ƙarfen ta ji shi da zafi, sai ta buɗe bakin kowacce, ta bar su a buɗe.

"Na ga tukunyar da ba komai cikinta ba ta fashewa," ta ce wa mijinta. "Gobe sai a sake cika maka su."

Shiyam bai yi faɗa ba. Ya wanke hannu, ya ɗora tukwanen a baro, ya ce ta biyo shi rumfar Kawu Iduris, wanda yake yi wa masu nutso cikon iska.

Tsohon ya kwance kan tukunya ta farko, ya haska tocila ciki, ya miƙa wa Mausuma.

"Leƙa, 'yata."

Ta leƙa. Ƙasan ya yi ja, ga ɗan ruwa kwance.

"Iskar teku ce ta shiga, ta kawo danshi da gishiri," ya ce. "In aka cika ta haka, garin tsatsar nan zai bi bututu ya toshe abin shaƙa. Mijinki yana zurfin gaba ashirin ƙasan ruwa, ya ja numfashi, ya ji shiru."

Mausuma ta zauna kan wani buhu.

"Kin ji ko?" Shiyam ya ce a hankali. "Da kin tambaye ni."

"Kai ma rufe mana baki," in ji Kawu. "Uban wa ya koya maka ajiye tukunya cike maƙil a gindin wuta? Shekara goma kana nutso, kanka kamar na dorinar ruwa!"

Biyu suka tsira bayan an goge su, Kawu ya sa musu 'yar iska ya rufe bakinsu. Biyu Kawu ya ware, ya ce sai an kai Male an gwada ƙarfinsu.

Da la'asar Mausuma ta share ɗan ɗakin baya mai inuwa, ta shimfiɗa katako, ta tsayar da biyun ta ɗaure su a bango da igiyar kwakwa, ta sa sakata a sama inda hannun yarinya ba ya kaiwa. Ta duba ma'aunin iskar tukwanen da kanta: allura ta ɗan ɗaga.

Ke da kike da irin tukwanen nan a gida, ki nisanta su da wuta da rana, ki ɗaure su tsaye. Amma kada tsoro ya sa ki juye su ƙaf. Ki bar 'yar iska a ciki, ki rufe bakin gam.