Layin Rahamatu

Zayyad ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani asibiti a Gumel. Shekara shida yana ɗibar jini, ba yabo ba fallasa. Bana aka sa shi cikin masu koyon binciken ƙwayoyin gado da kwamfuta, irin na masu nazarin ciwon daji. Sati uku ne ta intanet, malamar tana Kano.

A sati na biyu aka ce kowa ya zana salsalar wani gida, ya nuna waɗanda ciwon ya taɓa, ya zuba wa manhaja. Ita za ta fitar da waɗanda ya kamata a duba da wuri.

Bai je nesa ba, danginsu ya zana. Talatu, matar Baffa Ilu na Maigatari, ciwon dajin mama ne ya yi ajalinta tana da shekara talatin da shida. Haka yayarta. Haka uwarsu. Ya ja layi daga Talatu zuwa 'ya'yanta mata biyu, sunayensu suka yi ja.

Malama Amatullahi ta duba aikin, ta kira shi.

"Malam Zayyad, 'ya'yan marigayiyar biyu ne kacal?"

"Biyu ne."

"Sake dubawa. Mutanenmu a nan suke tuntuɓe. Manhaja ba ta san riƙo ba, jini kawai take bi."

Ya sake duba zanen. Rahamatu. Ranar da aka yaye ta Talatu ta miƙa ta riƙo ga mahaifiyar Zayyad, Inna A'i, wadda maza kaɗai ta haifa. Ba mantawa ya yi ba. Hannunsa ne ya rubuta abin da baki ya saba faɗa. Ya cire layin daga ƙarƙashin Inna, ya mayar ƙarƙashin Talatu. Sunan ya yi ja. Shekarar Rahamatu talatin da ɗaya, yaranta uku.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Gagarawa. Ya tarar da Inna a inuwar rumbu tana tsince wake.

"Inna, so nake Rahamatu ta je Kano a duba ta."

"Me ya same ta?"

"Ba komai tukuna. Ciwon da ya ɗauki Talatu yana bin jini."

"To ina ruwan 'yata da jinin Talatu?"

A gidan nan ba a taɓa furta maganar ba. Ko ranar auren Rahamatu, Baffa Ilu a sahun 'yan biki ya zauna.

"Inna, kin sani."

"Lallai karatu ya yi daɗi. Kwamfutar ce ta koya maka raba mini 'ya'ya?"

Ta ci gaba da tsintar wake, tana zubar da masu kyau tare da tsakuwa.

Can ta ce, "Ni na riƙa wanke wa Talatu ciwon nan. Wata biyar." Ta ajiye faifan. "In an duba da wuri, ana tsira?"

"Da yawa suna tsira."

"A takardar asibiti, wa za su rubuta a wajen uwa?"

"Talatu."

Ta kakkaɓe zaninta.

"Su rubuta. Amma ni zan gaya mata, ni zan kai ta. Kai ba ka iya magana ba, tun kana yaro. Miƙo mini wayar."