Katin Ingila na Mista Wilson

Mista Wilson Tagwai sufabaiza ne a wata masaƙa ta Kakuri. Kafin kamfani ya tura shi kwas Ingila, babu abin da aka san shi da shi sai yawan faɗa da masu zuwa aiki a makare. Ya yi 'yan watanni a can yana koyon sabon injin rini, ya dawo gidansa na Trikania da kwat mai kauri, da rediyo mai cin kaset biyu, da wani Turanci da ke fitowa ta hanci. Amma abin da ya fi ji da shi bai kai faɗin tafin hannu ba. Wani ɗan katin roba ne shuɗi, an buga sunansa da lambobi masu tudu a jiki. Bankin da ake zuba masa kuɗin guzuri a can ne ya ba shi.

Ranar Asabar ɗin farko da dawowarsa ya sa kwat ɗin nan, rana tana dukan ƙeya, ya tafi shagon giyar Madam Celina inda ma'aikatan masaƙa ke taruwa bayan an tashi. Sai da ya bari tebur ya cika, sannan ya zaro katin ya ajiye kusa da kwalba.

"Wannan shi ake kira kiredit kad," in ji shi. "A can mutumin kirki ba ya taɓa kuɗi da hannunsa. Ka shiga kanti, ka ɗauki abin da ranka ke so, ka miƙa wannan, su goga shi a wani ɗan inji, su raka ka har bakin ƙofa."

"Ba ka biya ba?" in ji Ishaya, abokin aikinsa na sashen saƙa.

"Banki ya biya."

"To shi bankin wa ke biyansa?"

Wilson ya kurɓi giya, ya dube shi da tausayi. "Ishaya, akwai abubuwan da sai mutum ya hau jirgi yake ganewa."

Da aka zo biya ya miƙa wa Madam Celina katin. Ta juya shi gaba da baya, ta karce shi da farce, ta mayar masa. "Oga Wilson, ni naira na sani."

"Kun ga matsalar ƙasar nan ke nan," ya ce, yana laluben aljihun da ya san babu komai a ciki. Kafin ya gama lalube mutum uku sun miƙe suna rige-rigen biya masa. Wa zai ƙi a ce mai banki a Ingila ya sha giyarsa?

Daga nan sunan Mista Wilson ya tashi. A majami'a aka naɗa shi shugaban bikin godiyar girbi. A taron 'yan garinsu aka matso masa da kujera gaba. Mutane suka riƙa sallama a gidansa tun da safe: wannan yana son tabarau, wancan yana son kayan gyaran mota, wata tana son maganin sanyin ƙashi irin na Turawa. Kowa ya zo sai Wilson ya gyaɗa kai ya ce, "Zan ba Landan umarni." Landan ba ta taɓa aiko ko allura ba, amma ba wanda ya yi fushi, don an san nisa.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, kwat ɗin da rediyon duk bashi ne, da wannan katin ya ɗauke su, kuma bankin yana son abinsa da kuɗin Ingila kowane wata, in an yi jinkiri ya ɗora ruwa. Wilson kuwa ba shi da ko fam ɗaya a can. Sai ya ƙulla da wani ɗalibi mai suna Dauda da suka haɗu a majami'a a can: Dauda ya riƙa zuba wa bankin ɗan abin da zai rufe masa baki, shi kuma Wilson ya riƙa kai wa uwar Dauda naira a ƙauyen Kakau.

Tsohuwar nan ba ta san wani abu sufabaiza ba. Abin da ta gane shi ne ɗanta ya samo mata ɗan aike. Da ta hango shi sai ta ce wa maƙwabta, "Ga mai yi wa Dauda aiki nan ya zo." In ya ba ta kuɗin sai ta nuna masa buhun taki ya kai gona, ko jinkar da ke yoyo, ko akuyar da ta tsinke. Bai isa ya ce a'a ba, don in ta aika wa Dauda ƙara, banki ya waiwayo shi. Haka mai ba Landan umarni yake wuni yana bin akuya cikin dawa, ya dawo da yamma ya ce ya je duba wani fili.

Matarsa Scholastica ce kaɗai ta san gaskiya, don ita ke wanke wandon. Tela ce, tana kuma sayar da ragowar yadi a kasuwar Kakuri. Ba ta taɓa tona shi ba. Sai dai in ya dawo daga Kakau ta kan dubi laka a gwiwarsa ta ce, "Baban Edith, yau ma an yi ruwa a Landan?"

Ana shirin shiga 1984 sojoji suka karɓi mulki. Ba a jima ba rediyo ta fara maganar masu fataucin kuɗin waje da kotun da za a kai su. Abin da sabuwar dokar ta ce daban, abin da ya iso Trikania daban. A shagon Madam Celina an tabbatar duk wanda aka kama da ko ƙwandalar Ingila zai tsufa a kurkuku. Ranar da Wilson ya shiga, mutanen da suke rige-rigen biya masa suka tuna suna da uzuri a gida. Madam Celina ta kawo masa giya tana kallon hanya, ta ce ya sha da sauri.

Ya ninke kwat ya tura ƙarƙashin akwati. Turancin hanci ya ɓace, Hausarsa ta dawo tangaran. Katin kuwa ya rasa inda zai sa shi. Ya sa a takalmi, ya fitar masa da bororo. Ya binne a gindin gwaiba, kajin maƙwabta suka tono. Ya so ya cusa a littafin waƙoƙin matarsa, ta fizge abinta.

"Ka jefa shi a murhu mana, kowa ya huta."

"Maman Edith, ki san abin da kike faɗa. Sunana ne fa a jiki."

Wata Asabar da hantsi yana tsakar gida da zani a ƙugu yana goge haƙora, motar soja ta tsaya a ƙofar gidan. Wani ƙaton saje ya sauko, takalmansa suna ƙyalli. Kafin ya gama sallama unguwa ta cika ƙofar, har masu leƙe ta kan katanga.

"Nan ne gidan Mista Wilson mai katin Ingila?"

Asuwakin ya faɗi daga bakin Wilson. Ya zube ya durƙusa a gaban sajen.

"Oga, na rantse da Allah ba ni da komai a can! Ba kuɗi ba ne, bashi ne. Kwat na ɗauka da rediyo, har yau ban gama biya ba. Akuyar wata tsohuwa nake kiwo a Kakau saboda shi. Ku tambayi matata!"

Sajen ya tsaya yana kallonsa, sai ya fashe da dariya har da dukan cinya. Ya kamo shi ya miƙar, ya kashe masa ido ɗaya.

"Oga, ka iya! Haka ake so. Ko ni ne haka zan ce." Ya ja shi gefe, ya rage murya yadda duk unguwa za ta ji. "Sunana Saje Monday. Aure zan yi. Yarinyar nas ce, Irene, ta ce in ba rigar amarya daga Landan ba, ba ta shiga majami'a. Aka ce mini kai ne mai hanya."

"Oga, yanzu fa na gaya maka..."

"Na ji, na ji. Ba ka da komai." Ya sake kashe ido. Sai fuskarsa ta daina dariya. "Ka dai san halin da ake ciki. Sunaye suna ta zuwa ofishinmu. Naka bai zo ba tukuna. Bikin ƙarshen wata mai zuwa ne."

Ya ajiye ɗan abin da ya kira kafin alƙalami, wanda ko mayafin amarya ba zai saya ba, ya hau mota ya tafi.

Wilson ya juyo yana jiran a yi masa dariya, tunda ya tona kansa a gaban kowa. Sai ya ga ana kallonsa da sabon girma. Ishaya, wanda ya zo kallo a kan keke, ya girgiza kai ya ce, "Kai, masu shi sun iya ɓoyewa. Ka ji har da akuya!" Gaskiyar da ya faɗa sau ɗaya a rayuwarsa, ita ce ba wanda ya yarda da ita.

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Ya san Dauda ba zai iya sayen rigar amarya da kuɗin makaranta ba, ko da ya iya, ba mai shigo da ita a wannan zamani. Scholastica ta bar shi ya yi nishinsa ya ƙoshi, sannan ta shigo.

"Zan fitar da kai. Amma rediyon nan yau zai bar gidan nan, kuma daga yau abin da na ce shi za a yi."

Bai yi musu ba. Ta sayar da rediyon, ta haye gada zuwa babbar kasuwa ta sayo farin yadi mai sheƙi da leshi da duwatsun ado. Ta sa Wilson ya karɓo awon Irene, wai za a buga wa Landan waya. Ta ɗauki keken ɗinkinta ta kai gidan ƙanwarta a Narayi inda ba mai sa ido, ta yi ta aiki. Da ta gama ta dawo gida, ta zaro kwat ɗin daga ƙarƙashin akwati, ta sa reza ta ɓalle 'yar alamar kantin da ke wuyansa, ta ɗinke ta a wuyan rigar. Wilson ya kawar da kai kamar ana yi masa kaciya. Ta naɗe rigar a tsohuwar jaridar Ingila da ya shimfiɗo a ƙasan akwatinsa, ta ce, "Tashi ka sa kwat. Ka kuma nemo Turancin nan naka duk inda ka jefar."

Irene ta ga riga, ta ga alama, ta shinshina jaridar, ta fashe da kukan murna. Ranar biki matan bariki suka kewaye ta suna shafa leshi suna cewa ai hannun Bature daban yake, telolinmu sai ɓarnar yadi. Scholastica tana cikinsu, ita ma ta shafa ta ce gaskiya ne.

Sati bai zagayo ba motocin soja suka fara jeruwa a ƙofar Wilson. Matar kyaftin tana son rigar zuwa liyafa, matar manjo tana son irin ta Irene amma ta fi ta. Wilson ya shiga ɗaki a rikice.

"Maman Edith, mu tsaya haka. In aka gane fa?"

"Je ka ce musu Landan ta karɓa. Kuma Landan ba ta karɓar rabin kuɗi."

Alamar kwat ɗaya ce, an riga an yi amfani da ita, don haka Scholastica ta ƙulla da 'yan gwanjo suna tara mata alamun tsofaffin kaya. Akwai matar wani babban hafsa da ta yi shekara tana taƙama da alamar kamfanin da ba ya ɗinka komai sai gajeren wandon maza.

Da masaƙa ta fara rage ma'aikata, sunan Wilson yana cikin na farko. Naira ta faɗi, abin da uwar Dauda ke karɓa ya ninka, ga akuyoyinta sun hayayyafa. Scholastica ta je Kakau da kanta, suka yi magana irin ta mata da tsohuwar, ta ƙirga mata sauran kuɗin bashin duka, aka aika wa Dauda ya biya bankin gaba ɗaya. Bankin ya ji daɗin wannan hali, ya aiko wa Mista Wilson sabon kati. Scholastica ce ta karɓa ta ƙulle a bakin zaninta.

Ta kama shago a bakin titi, mai labule a tsakiya. A gaba aka sa tebur da kujera da fanka. Nan Wilson yake zama cikin kwat. Da safe ta ba shi katin ya ajiye a kan tebur inda kowa zai gani, da yamma ta karɓe abinta, ta ba shi kuɗin mota.

Wata rana matar wani kanar ta shigo da riga a hannu, ranta a ɓace, ta ce ta matse ta a hammata. Wilson ya ɗaga rigar, ya duba ta sama da ƙasa, ya yi tsaki.

"Madam, laifinsu ne. Turawan nan har yau ba su san jikin matanmu ba. Zan mayar musu, kuma za su ji daga gare ni."

Ya ɗaga labule ya shiga ciki. Scholastica tana zaune a kan kujera, ta cire ƙafa daga keke tun da ta ji tsayawar mota, bakinta cike da allurai. Ta karɓi rigar ta duba hammatar, ta jefa kan tarin da ke gefenta.

"Ce mata jirgi sai Laraba," ta ce a hankali. "In ka sallame ta ka je ka sayo mini farin zare."