Hannu Mai Yatsu Uku

Ɗakin da ake ajiye tsofaffin jaridu yana can ƙarƙashin ginin laburare, kuma duk wanda ya zaɓa musu wurin nan ba ya ƙaunar takarda. Tun daga matakala wari ya tari Auta: kashin ɓera, danshi, da kifin gwangwanin da mai kula da ɗakin yake ci da burodi. A kan wata jarida da ta girmi ubansa ya shimfiɗa abincin, mai ya ratsa ta har ana ganin katakon teburi.

"Ke ce ta kamfanin sabulu ko?" ya ce, baki cike. "Ga su can a ƙasan kanta. Ki yi hankali da kyankyasai, sun riga ni kama aiki a nan."

Auta a ɗakin gwajin jini take aiki a asibiti, ta saba da abin ƙyama. Amma can aƙalla ana ba mutum safar hannu. Ta naɗe gefen mayafinta, ta tsuguna, ta fara jawo ɗaurin jaridun.

Baffa ne ya jefa ta cikin wannan aiki. Hukumar gari ta sanar cewa za ta kafa allon tunawa da ma'aikatan kamfanin sabulu da masu gadi suka kashe da duka a wani yajin aiki, fiye da shekara sittin da suka wuce. Kwamiti yana neman zuriyarsu, za a zaunar da su a sahun gaba, a ba su lasifika. Cikin mamatan akwai wani mai walda da ba a taɓa samun danginsa ba. Baffa kuwa mutum ne da ko taron iyayen yara ake yi a makaranta sai ya miƙe ya yi jawabi, alhali yaransa duk sun gama. Yana jin maganar lasifika sai ya tuna ai ƙanin babansa mai walda ne a kamfanin, kuma a shekarar nan ya ɓace.

Wannan ƙanin shi ne kakan Auta, wanda ya haifi Babanta. A gidansu ba a ambatonsa. Abin da aka faɗa wa kowa shi ne ya tsallake ya bar ƙaramin ɗansa da ba shi da uwa, ya bi wata mata ya shiga duniya. Wansa, akawu a kamfanin, wanda kowa ke kira Tsoho, shi ya ɗauki yaron ya haɗa da nasa ɗan, wato Baffa, ya riƙe su tare. Hoton Tsoho yana rataye a falon kowane gida na zuriyar. Baba ya tsufa yana sa masa albarka, yana kuma haɗiye baƙin cikin uban da ya yar da shi. Sau ɗaya tak ya taɓa yi wa Auta maganarsa.

"Fuskarsa ta ɓace mini," ya ce. "Hannunsa kawai na riƙe. Na hagu, yatsu uku, inji ya cinye biyu. Da shi yake riƙe ni in za mu tsallaka titi. Ashe sakina zai yi."

Don haka Auta ba kujerar sahun gaba ta kawo ta ba. So take ta sani, tun Baba yana da sauran kwana, ko da gaske yar da shi aka yi.

Makon da ya wuce ta tono rahoton likitan da ya duba gawarwakin a cikin tsofaffin takardun kotu. Na ƙarshe ba suna, an dai rubuta namiji, ba a san shi ba. Haƙarƙari a karye, ƙoƙon kai a fashe ta baya, wato yana gudu aka same shi. A can ƙasa likitan ya ƙara da cewa hannun hagu ba yatsu biyu, tsohon rauni ne. Tun ranar abinci bai yi mata daɗi ba. Amma masu walda da inji ya ci wa yatsu suna da yawa, kwamiti kuma ba zai karɓi yatsu a matsayin shaida ba.

Ta sami jaridar da ta ba da labarin kisan. Kanun labarin da manyan baƙaƙe: an koya wa 'yan tayar da zaune tsaye hankali. Ƙarƙashinsa hoto, mutane a kwance a bakin ƙofar kamfani, masu gadi sun jeru a bayansu da kulake, ɗaya har ya gyara hula yana murmushi kamar wanda ya ci ƙwallo. A gefen hoton, manne da ƙafar wani mamaci, tallar sabulun kamfanin ce: wata mata tana dariya, kumfa har gwiwar hannu. Wani ya zauna da hankalinsa ya tsara shafin nan, ya duba ya ga ya yi kyau, ya tafi gida ya ci abinci. 

Ta ci gaba da buɗawa. A fitowar wani mako na gaba, can shafin ciki tsakanin sakamakon wasanni da cigiyar akuya, ta ga ɗan gajeren labari: gawa ba mai ita. An ce mamacin da ya rage yana nan a ɗakin ajiye gawa ba wanda ya zo. Abokan aikinsa sun shaida wa 'yan sanda cewa mai walda ne, kuma wansa akawu ne a ofishin kamfanin. An kawo akawun, an buɗe masa mayafi, ya duba ya ce bai taɓa ganin mutumin ba, shi ƙaninsa ya yi tafiya. Manajan kamfani ya yaba da amanarsa. Ma'aikatan shara ne suka binne gawar.

An buga sunan akawun cikakke. An ma sa hotonsa yana fitowa daga ɗakin gawar, ya toshe hanci da hankici. Auta ba ta buƙaci karanta sunan ba. Wannan goshi, waɗannan kunnuwa, ta tashi tana goge musu ƙura duk safiya a falonsu.

"Kin samu?" mai kula da ɗakin ya tambaya yana suɗe yatsa.

"Na samu."

"To madalla. Wasu sai su zo su yi ta tono, ba abin da suke samu sai mura."

Ta sa aka yi mata kwafi biyu. Ɗaya ta sa a jaka, ɗaya ta riƙe a hannu, ta nufi shagon Baffa na sayar da tayil da kayan banɗaki. Ta same shi a ofishinsa na ciki, tela ya kawo masa sababbin kaya yana gwadawa a gaban madubin sayarwa.

"'Yata ta kaina! Ya kika gani? Na ranar taro ne. Yaya, namu ne ko?"

"Namu ne, Baffa."

"Allahu akbar! Ni jikina ya ba ni. Jini ba wasa ba. Kin san tun ina yaro nake mafarkinsa?"

Bai taɓa faɗa wa kowa wannan mafarki ba sai da aka yi maganar lasifika. Auta ta miƙa masa takardar. Ya sa tabarau, ya fara karantawa da murmushi, leɓe yana motsi. Murmushin ya tsaya a inda yake, ya bushe. Ya sallami tela, ya tura ƙofa.

"Wa ya ga wannan?"

"Ni da kai."

"To. To. Ba komai." Ya zauna, ya buɗe aljihun teburi ya ɗauko almakashi. "Kin ga, abin da kwamiti suke so shi ne nan, inda aka ce wansa akawu ne, ga suna. Shi ke nan shaida ta kammala. Sauran duk surutun 'yan jarida ne."

Ya ɗora almakashin a tsakiyar labarin, ya yanke shi a tsanake, tiryan-tiryan, har da fito da harshe. Rabin da ke da hoton Tsoho ya dunƙule, ya jefa a kwandon shara kan ɓawon ayaba.

"Baffa, a gabansa aka buɗe gawar ƙaninsa ya ce bai san shi ba."

"Ke yarinya ce. Kin san yadda zamanin yake? Da ya ce nasa ne, a ranar za su kore shi. Da wa zai ciyar da mu? Da wa zai riƙe uban naki?"

"Na ji, tsoro ya ji. To da ya dawo gida fa? Me ya hana shi gaya wa yaron ubansa ya mutu? Sai ya ce ya bi mace?"

"Yaro ai baki gare shi, zai fita ya faɗa."

"Yaron ya yi furfura, Baffa. Tsoho ya ga jikokinsa. Kamfanin ma ya rufe tun ban shiga makaranta ba."

Baffa ya buga teburi. "Mutumin da ya mutu za ki tona wa asiri? Ba ki da kunya? Ki rufe bakinki, mu je mu karɓi girmanmu. Uban naki ma ba sai ya zo ba, ga ciwon ƙafa, ga ido ba ya gani sosai. Ni zan wakilci iyali."

Auta ta dube shi cikin sababbin kayansa, alamar allin tela tana nan a kafaɗa. Gawar da ubansa ya toshe wa hanci ita ɗan yake so ya hau ya yi jawabi. Ƙyama ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a wurin aiki. Ta fita ba sallama.

A hanya ta yi ta saƙawa da kwancewa. Baba ya rayu da uba ɗaya mugu da uba ɗaya nagari, yanzu za ta je ta musanya masa su a tsufansa. Har ta ƙofar gida ba ta yanke shawara ba.

Ta same shi a tsakar gida kan kujerarsa ta roba, rediyo a cinya. Tsohon direban bas ne, har yanzu in ya zauna ƙafarsa ta dama tana neman birki.

"Auta, warin me kike yi haka? Kamar kin fito daga rami."

"Daga rami na fito, Baba." Ta jawo tabarma ta zauna a gabansa. "Na samo babanka."

Ya kashe rediyon. "A wane gari ya ƙare?"

"Bai je ko'ina ba."

Ta ciro kwafin da ba a yanke ba, ta karanta masa daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko kalma ba. Ta gaya masa abin da likita ya rubuta, har da yatsun. Bai katse ta ba. Da ta gama sai ya miƙo hannu, ta ba shi takardar, ya kai ta dab da idonsa mai ɗan gani. Ya daɗe a kan hoton.

"Hankicin nan na san shi," ya ce. "Ni nake wanke masa."

Ya ɗora yatsa a kan fuskar Tsoho.

"Ranar da ya dawo ya ce mini babana ya gudu, ina bakin ƙofa ina jira. Ya kawo mini alewa." Ya ajiye takardar a cinya, ya buɗe tafukan hannunsa yana kallo. "Da Tsoho zai mutu, Baffanki cewa ya yi ba ya iya ganin ciwo. Ni na yi jinyarsa. Ni na kwashe kashinsa da fitsarinsa, ni na yi masa wanka, ni na sa shi a rami da hannun nan. Ban toshe hanci ba ko sau ɗaya. Ina yi ina cewa Allah ya saka masa, ya yi mini abin da ubana bai yi ba."



"Baba, ka yafe mini in na..."

"Ke me kika yi? Shekara nawa ina addu'a, in na zo kan iyaye sai in tsallake babana. Yana kwance an fasa masa kai, ni ina nan ina jin haushinsa."

Ya ninke takardar da kyau, ya sa a aljihun gaba, ya danne da hannu.

"Ranar taron ki zo da wuri ki ɗauke ni. Wannan za mu kai musu, dukanta. Ke za ki karanta, ni idona ba ya kaiwa."

"Baffa zai ce..."

"Ya ce."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Auta ta kama shi, ta tambaye shi ina za shi.

"Falo. Akwai abin da zan sauke daga bango." Ya tsaya, ya sake duban hannuwansa. "A'a, ke ki sauke. Ni kawo mini ruwa a buta in wanke hannu."

Ta kawo ruwan, ta haɗo da sabulu. Ya dubi sabulun a tafinta, ya kawar da kai.

"Mayar da shi," ya ce. "Zuba mini ruwan kawai."