Magulmacin Datti

Ranar wata Talata, ana idar da sallar isha ke nan, wani irin kuka ya tashi a layin su Datti a Malali. Kiii-kiii-kiii, siriri mai shiga kunne, kamar ɗan tsakon da aka ƙera da ƙarfe. Ya yi shiru. Can ya sake. Mata suka leƙo da fitilun wayoyinsu. Wani ya ce mitar wuta ce za ta kama, wata ta ce wannan ba kukan abin duniya ba ne, ta ja 'ya'yanta ciki ta rufe ƙofa.

Lawan, maƙwabcin Datti, wanda katanga ɗaya ta raba su, ba ya iya jin abu ya ƙyale. Ya kifa bokiti ya hau, ya leƙa. Sai ga Datti zaune a tsakar gida, ya ɗaura zaren fatsa a jikin sanda, a ƙarshen zaren kan busasshen kifi, kyanwar Lawan kuma ta cafke kifin tana ja da iya ƙarfinta. Duk lokacin da ta fizga, sai wani ɗan baƙin abu da ke maƙale a sandar ya ƙyafta jar wuta ya tsala ihu.

"Malam Datti! Kyanwata kake kamawa da fatsa?"

"Babu ƙugiya a jiki, Lawan. Gwaji muke yi. Ita ce kifin."

Hansai, matar Datti, ta ce daga ƙofar ɗaki, "Ka dai gani da idonka, Malam Lawan. Shekara arba'in ina fama."

Shi Datti tsohon masinja ne a wata ma'aikata, ya ajiye aiki shekara tara da suka wuce. Abu biyu ke hana shi zama wuri ɗaya: son abin mamaki, da kogi. A ƙarƙashin gadonsa akwai agogo mai tafiya da baya, akwai wani ƙarfe mai haƙora da har yau ba a san aikinsa ba. Wannan ɗan baƙin abin kuwa a tulin kayan gwanjo ya tsinto shi a Kasuwar Barci. Girmansa bai wuce kwalin ashana ba, da hoton kifi a bayansa. Mai kayan ya rantse rediyon yara ce. Datti ya kwana biyu yana juya shi kafin ya gane: ka maƙala zare a ɗan bakinsa, in an ja zaren sai ya yi kuka. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a gefe, in ka murɗa shi har ƙarshe, ko iska ce ta taɓa zaren sai ya kwarmata. Hansai ta raɗa masa suna Magulmaci, don ba ya ganin abu ya yi shiru.

Datti yana da dalilin murna da shi. Tun da ya bar aiki yake bin wani masunci, Yahaya Bakabe, a kwale-kwalensa a kogin Kaduna. Irin kamun kifinsu na mutum biyu ne. Yahaya yana tuƙi a hankali, Datti yana zaune a baya riƙe da dogon zare, da ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya yana bin jirgin a cikin ruwa kamar mai rai. Da babban kifi ya cafka, mai riƙon zare zai fizga nan take, in ya yi jinkiri kifin ya tofar ya wuce. To, lilon jirgi da sanyin safiya ba su bar Datti ba. Da an yi nisa kaɗan sai ya fara kallon gajimare yana ganin raƙuma da rawuna, daga nan sai minshari. A wata guda manyan kifaye uku suka cinye abincin ƙugiya suka tafi yana barci.

"Kai Bakatsine," in ji Yahaya, don akwai wasa tsakaninsu, amma ran nan ba ya dariya, "ni jirgi gare ni, ba gado ba. Ka ƙara yi mini asara ɗaya, ka nemi wurin kwana a tudu."

Wurin kwana a tudu kuwa Hansai ta riga ta tanada. Tana da firiza, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, ta daɗe tana neman mai zama mata a ƙofar gida. Har benci ta sa aka gyara. Datti kan zagaye bencin nan in zai fita, ko kallonsa ba ya son yi.

Washegari da asuba ya isa bakin ruwa da Magulmaci a aljihu. Yahaya ya juya shi a tafin hannu, ya taɓe baki.

"Wanga abu mi yake ci?"

"Batir."

"To, ya fi ka sauƙin riƙo. Hau."

Ran nan Yahaya ya nufi wani gurbi nasa da ke bayan wasu duwatsu, inda ruwa ya yi zurfi ya yi baƙi. Shekara shida yana cin wurin ba wanda ya sani. Masunta ba sa faɗa wa juna inda kifi yake. In mutum ya kama, sai ya tura kifin ƙarƙashin buhu, ya ɗaure fuska, in an tambaye shi ya ce yau ruwa ba daɗi. Yahaya har zagaye yake yi ta wata hanya in zai je gurbin, kada a gane.

Datti ya maƙala zare, ya jingina, ya yi barcinsa da kwanciyar hankali. Suna shiga bayan duwatsun abin ya tsala ihu. Datti ya zabura ya fizga, sai ga tarwaɗa kamar cinyar mutum. Aka sake jefawa, ya sake ihu. Sau uku. Ashe sauti a kan ruwa tafiya yake yi kamar an aike shi. Kafin su ɗaga kai, ga Husaini, wani masunci mai dogon wuya da ya daɗe yana bibiyar sawun Yahaya, ya zagayo duwatsun. Bayansa jirage huɗu.

"Salamu alaikum, Yahaya! Ashe nan kake zuwa jinyar da kake cewa ruwa ba daɗi?"

Suka watsa komayensu. Cikin kwana biyu aka tsane gurbin tas.

Ran da abin ya faru, Yahaya bai ɗaga murya ba. Ya sauke Datti a gaɓa, ya miƙa masa tarwaɗarsa ɗaya, ya ce, "Da kake barci kihi ɗaya nike rasawa. Yau ka farka ka cinye mini shekara shida. Sauka lahiya."

Haka Datti ya hau benci. Ya kwana huɗu yana miƙa ƙanƙara, yana jin ƙanshin kogi in iska ta kaɗo daga gabas. Hansai sai fara'a take, har nama take ƙara masa a miya.

A rana ta huɗu Lawan ya zo ya zauna a gefensa, yana ta sosa ƙeya. Shi Lawan akawu ne, bai taɓa kama ko ƙwaɗo ba, amma ya sayi fatsa tun bara yana jiran ranar sa'a.

"Malam Datti, gari fa ya ɗauka. An ce injin nan naka kiran kifi yake yi. Husaini da bakinsa ya ce da ya yi kuka sai kifi su taso daga ƙasa kamar an kaɗa musu ganga."

Datti ya buɗe baki zai gyara masa zance, sai ya rufe. Ya daɗe yana kallon wata leda da iska ke wasa da ita a kan titi.

"Haka Husaini ya ce?"

"Wallahi. Su duka kunnensu na kan ruwa, jira suke su ji inda zai sake kuka. Ka ara mini shi ran Asabar mana. Yini ɗaya."

"Kai, Lawan, abin nan ba ya son baƙon hannu."

Sai da Lawan ya yi magiya har ƙanƙarar da ya saya ta narke a hannunsa, sannan Datti ya sassauta murya. Ya ce akwai sharaɗi. Wuri ɗaya zai je, can ƙasa inda masu wankin mota da darduma suke, ya zauna a kan faffaɗan dutsen nan. Kada ya taɓa maɓallin gefe. In ya yi kuka bai ga kifi ba, kada ya tashi, kira yake yi, suna hanya. Kuma kada ya gaya wa kowa.

Wannan na ƙarshe Datti ya faɗa ne don ya tabbata kowa ya ji.

Da la'asar ya sulale ya sami Yahaya yana ɗinkin koma a gindin mangwaro. Ya san Bakaben yana da wani gurbi na biyu can sama, wanda ya kasa zuwa tun ranar, saboda duk inda ya juya jirgi Husaini na bayansa. Ya kuma san ba a jan zare da tuƙi a hannu ɗaya. Ya zayyana masa shirin. Yahaya ya ci gaba da ɗinki kamar bai ji ba.

"In ka yi barci hwa?"

"A babban yatsan ƙafata zan ɗaura zaren."

"In ka yi ihu?"

"Ni? Na yi shekara talatin ina kai takardun sirri ofis-ofis."

"Ba ka iya karanta su ba ne, Bakatsine." Ya ciji zare ya tofar. "Asabar. In aka ji ko tarinka, kai da jirgina har abada."

Ran Asabar Datti ya murɗa maɓallin har ƙarshe, ya damƙa wa Lawan. Wurin wankin nan ruwa ne mai gudu, ba zurfi, sai kumfar sabulu da ledoji. Lawan na jefa zare igiyar ruwa ta ja, Magulmaci ya fara aiki. Kiii-kiii-kiii. Daga inda suke ɓoye cikin ciyawa, Datti da Yahaya suka ga jirage suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya, Husaini a gaba yana tuƙi kamar ana rabon gado. Da kogin ya yi fayau, Yahaya ya juya hancin jirgi sama.

Datti ya ɗaura zaren a yatsa, ya rantse a ransa yau idonsa biyu. Ya ƙirga bishiyoyin gaɓa har goma sha bakwai. Ya ga wani gajimare mai kama da tsohon shugabansa na ofis, har da tumbin. Daga nan bai san inda yake ba.

Abin da ya tashe shi, ji ya yi kamar an kama yatsan da filaya za a tafi da shi Lokoja. Ƙafarsa ta miƙe sama, ya zame ya bugi katakon jirgi, bakinsa ya wage zai saki ihun da za a ji har Unguwar Rimi. Yahaya ya saki filafilin tuƙi, ya fizge hularsa ya cusa masa a baki. Haka aka yi kokawar: Datti rigingine, hula a baki, hawaye na zuba, hannu biyu a kan zare, Yahaya ya danne shi da gwiwa yana taya shi ja yana zaginsa da raɗa. Jirgin ya yi juyi uku. Can sai ga giwan ruwa ta taso, fara sol, bakinta kamar bakin tulu. Da ƙyar suka mirgino ta ciki, buhu biyu ba su rufe ta ba.

Daga can nesa, siriri, Magulmaci yana ta kiii-kiii.

Datti ya zare hular daga baki, ya miƙa wa mai ita. Yahaya ya dube ta, ya ɗauraye a ruwa, ya kifa a kai.

"Ka yi barci," in ji shi.

"Amma ban yi ihu ba."

"Hulata ta yi shiru, ba kai ba." Ya ɗauki filafili. Sai da suka yi nisa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Gobe da asuba. Ka zo da tsumma ka naɗe yatsan, kada ka ɓata mini jirgi da jini."

Suka fita ta wata gaɓa, suka naɗe kifin a tabarma, suka sa a keke napep har gidan Datti. Hansai ta ga kifi, ta ga mijinta yana ɗingishi, ta ga Yahaya yana murmushi, ta gane bencinta ya rasa mai zama. Ta yi tsaki, amma ta ɗauko babbar wuƙa da faranti.

Ana cikin yanka, gab da magariba, aka yi sallama. Lawan ne. Rana ta gasa shi, wandonsa jiƙe har gwiwa, a ƙugiyarsa wani tsohon silifa. Magulmaci na hannunsa, batir ya kusa ƙarewa, sai ɗan nishi yake.

"Malam Datti, injin nan ya yi kira har muryarsa ta dushe. Jirgi tara muka tara. Husaini ya yaga komarsa a kan dutse, ya ce in ya ƙara ganina a bakin ruwa sai ya..."

Maganar ta tsaya. Ya ga kan kifin a faranti, ya ga tsakar gida duk ɓawo kamar an zubar da sulalla. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi yatsan Datti da ya kumbura ya yi kamar gauta.

"To wai, tunda injin yana wurina tun asuba, wannan wa ya kira muku ita?"

Yahaya ya sunkuya yana wasa wuƙa a bakin turmi. Hansai ta shige madafa neman gishiri. Datti kuwa ya ɗaga kai yana kallon sama, inda wani gajimare ke wucewa a hankali.