Tantabarun Baba Hudu

Kukan ya sake fitowa, siriri, kamar na ɗan shila da ya faɗo daga sheƙa. Lubabatu ta ajiye littafinta ta nufi ɗakin mahaifinta. Ta iske Inna Hure durƙushe da tocila tana leƙa ƙarƙashin gado.

"Kullum sai na ji shi," in ji Inna da ƙaramar murya. "Na duba tukwanen, 'ya'yan duk suna ciki. Ko wani ne ya saƙale bayan buhu?"

Baba Hudu na barci a jingine da bango. Sama da kansa tukwane ne a rataye, tantabaru na ɗan gunaguni a cikinsu. Lubabatu ta matsa, ta kara kunne a kafaɗarsa. Duk sanda ya ja numfashi, can wajen ƙarshe, sai kukan ya fito.

"Inna, kashe tocilan. Ba ƙarƙashin gado yake ba."

Karatun likita Lubabatu take yi a Sakkwato. Ta zo hutu Adabka da littafin cututtukan huhu, don jarrabawarsa ce ke jiranta. A ciki akwai hoton huhu mai lafiya, ɗakunan iskarsa ƙanana, bangonsu ya fi ɓawon albasa rashin kauri. A shafi na gaba akwai wanda ya daɗe yana kumburi har ya yi tabo, ya taurare, ya koma ramuka-ramuka kamar saƙar zuma. Ranar da ta fara ganin wannan hoton har ta ce yana da kyau.

Tarin Baba ya daɗe. A asibiti an tambaye shi ko ya taɓa niƙa dutsen zinariya, kamar mutanen Abare da Duza, ya ce bai taɓa ba. Taba fa? Ko ɗanɗano. Aka ba shi maganin tarin fuka, ya sha wata da watanni, bai ga canji ba. Abin mamakin shi ne, in ya je Gummi wurin ƙanensa sai ya samu sauƙi, har ya taka zuwa kasuwa. Yana dawowa gida zazzaɓi da tari su tarye shi. Daga nan unguwa ta yanke cewa jifa aka yi wa gidan. Maƙwabcinsu Maikuɗi ya ce ai tantabara ita ke tare mugun abu kafin ya isa ga maigida, a ƙaro su, a matso da su kusa. Baba dama su ne abokan hirarsa. Ya ƙaro, ya kuma kwashe tukwanensu daga tsakar gida ya shigar ɗakinsa.

Da safe Lubabatu ta same shi a bakin ƙofa yana watsa gero. Ta shafa yatsa a kan bargonsa, ya fito da farin gari mai laushi.

"Baba, wannan fa?"

"Hodarsu ce. Da ita suke kwalliya." Ya yi dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa ya nuna wata fara mai ido ɗaya. "Dubi Amarya. Kin lura tantabara ba ta ɗaga kai in tana shan ruwa? Kaza sai ta dubi sama, ita kuwa zuƙa take kamar mutum. Kuma uba da uwa duk suna ba ɗa nono daga maƙogwaro. An koya maku wanga a Sakkwato?"

"Ba a koya mana ba." Ta zauna kusa da shi. "Amma an koya mana wani abu game da su."

Ta buɗe littafin a cinyarsa. Ta ce garin nan na gashinsu, da ƙurar busasshen kashinsu, suna shiga can ƙasan huhu. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Wasu kuwa jikinsu na ɗaukarsa abokin gaba, ya yi ta faɗa da shi, kuma filin faɗan shi ne huhun. Wurin da ya kumbura yana iya saɓewa. Wurin da ya yi tabo ya tafi ke nan.

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ya bi ramukan da farce.

"Ikon Allah. Zuma cikin ƙirjin mutum. Huhuna ya kai haka?"

"Ban sani ba, Baba. Ni ɗaliba ce, sai an yi hoto malamaina sun duba. Amma ba maganin Gummi ne ke warkar da kai ba. A Gummi ba ka kwana da tantabaru."

"To jifan fa?" in ji Inna daga wajen murhu.

"Inna, abin da kuka kawo ya tare jifan, shi ne jifan."

Inna ta saki muciya. Wani baƙin namijin tantabara ya sauka a gwiwar Baba, ya kumbura wuya yana juyi, shi kuma ya ɗan janye littafin don ya ba shi wuri.

"Mi kike so a yi?"

"Ko su bar gidan, ko kai ka bar shi."

Ta shirya wa doguwar gardama, sai ta ji ya ce to. Sharaɗi biyu kawai ya kafa: ba za a yanka ko ɗaya ba, kuma ba za a fige musu fiffike ba. A kai su Bukkuyum wurin surukinsa, kyauta. Lubabatu ta amince da sauri, tana tsoron kada ya sake shawara.

Kafin azahar yayanta Rabe ya ɗaure kwanduna a bayan babur, ƙananan 'yan shila a cikin kwali. Baba da kansa ya kama Amarya ya sa a kwando, ya faɗa mata wata magana da ba wanda ya ji. Babur ya bi hanya yana tsalle a kan duwatsu har ƙararsa ta ɓace.

Lubabatu ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta zaunar da Baba a zaure, ta shiga ɗakin. Ta sauke tukwanen ta kife su bayan rumbu. Ta yayyafa ruwa kafin ta yi shara don kada ƙura ta tashi, ta goge bango da jiƙaƙƙen tsumma, ta fitar da katifa da bargo. A bangon sai tabon tukwanen ya rage, da'ira-da'ira, kamar idanu. Gidan ya yi shirun da ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. Har ta kama kanta tana jiran gunagunin.

Bayan la'asar Maikuɗi ya shigo jaje. Ya zauna a kan turmi, ya ce shi dai da alheri ya ba da shawara, kuma ko gobe aka tambaye shi ita zai bayar. Rabe ya dawo ya ce an karɓa da godiya, an ma sake su a tsakar gida an zuba musu dawa.

"An sake su?" in ji Lubabatu.

"To a kwando za su kwana?"

Ta juya ta dubi mahaifinta. Ba ita yake kallo ba. Sama yake kallo, ta gefen Bukkuyum.

Rana na gab da faɗuwa Amarya ta sauka a kan katanga. Sai baƙin namijin. Sai sauran suka zo gaba ɗaya, suka kewaya gidan, fikafikansu na tafi, suka jeru a bakin rufin ɗakin. Wata ta shiga ta taga, ta yi ta shawagi gaban bangon da babu tukunya, ta fito.

"Baba, ka san za su dawo."

"Na sani." Ya numfasa a hankali, ɗan kukan nan ya biyo numfashin. "Ke ma Sakkwato muka kai ki, ɗiyata. Ga ki nan."

Hannun Baba na dama yana cikin aljihu, inda yake ajiye gero. Bai fito da shi ba, bai kuma saki abin da ya damƙa ba. Tantabarun suka karkata kawuna suna dubansa.

Maikuɗi ya dubi rufin, ya dubi abokinsa, ya dubi Lubabatu.

"Likita, shi kin yi mashi bayani ya ji. To su, wa zai gaya musu nan ba gidansu ba ne?"