Aron Murya a Babban Birni

Daren jiya mafarki ya kai ni taron shekara na kamfaninmu na irin shuka. Kamar kullum, a babban birni aka shirya shi, amma wannan birnin ban taɓa ganinsa ba. Jiragen sama na jere a ƙofar otal kamar 'yan acaɓa, suna kiran fasinja. Benaye kuwa, da sun hango baƙo da jaka, sai su rusuna su ɗauke shi.

Tare muka zo da Hajiya Dije, mai kula da sito a reshenmu na Kafur. An ce za a rufe reshen, kuma ni aka ɗora wa roƙon a bar shi, don gidaje da yawa daga nan suke ci.

Wani kada mai hula ya karɓi jakunkunanmu. Na tambaye shi abin da ya sa kowane kamfani sai nan yake kawo taronsa.

Ya ce, "A nan wuta ba ta ɗaukewa, Malam. In ta gaji sai ta samu kujera ta zauna. Kuma kowa daga nesa ya zo, ba mai cewa bari ya leƙa gida ya dawo."

A ƙofar zauren taro wata jimina ce ke gadi. Ta ce ƙananan ma'aikata su ajiye muryoyinsu, kada su yi ƙara a ciki. Na cire tawa na miƙa, ta rataye ta a ƙusa. Hajiya Dije ta nuna da hannu cewa ta manto tata a gida, aka bar ta ta wuce.

Teburin taron dogo ne, gefenmu hantsi, gefen manya la'asar. Can shugaban kamfani, Alhaji Magaji, yake zaune. A bayansa akwai taswira, wani mai kwat na tsaye da tsumma a kusa da Kafur.

Shugaba ya ce, "Reshen Kafur, muna saurare."

Na miƙe na buɗe baki, ba abin da ya fito. Mai kwat ya fara goge taswirar. Ina kallo kasuwa ta ɓace, sannan layin gidan maigadinmu.

Sai na ji an ja ni ta baya. Hajiya Dije ce ke kwance haɓar mayafinta. Ashe a nan ta ƙulle muryar.

Ta raɗa mini da ɗan abin da ya rage mata, "Ungo, Malam Mudi. Ka lallaɓa ta, ta ɗan dishe, jiya na yi wa jikoki faɗa."

Na haɗiye ta. Muryar ta ƙi faɗin jawabin da na shirya. Ta fara gaishe da Alhaji, ta tambaye shi gwiwarsa da mutanen gida. Sannan ta shiga labarin manoman da ke sammako su tsaya a ƙofar sito tun kafin a buɗe, da tsohuwar da ke kawo mana ɗanyar masara duk kaka don mu ga abin da irinmu ya haifa. Tana magana, masara na tsirowa daga kafet har ta kai silin.

Alhaji Magaji ya karyo ɗaya, ya gasa a bakin na'urar sanyaya ɗaki, ya ci.

"Wannan daga ina?"

"Daga reshen da za a rufe, ranka ya daɗe."

Ya juya ya dubi mai kwat, ya ce, "Mayar musu da kasuwarsu. Reshe kuma a bar shi, a ƙara masa taga."

Sai ga mu a kan rufin otal, birnin duka na ƙasa yana ta karɓar baƙi. Na juya ga Hajiya Dije, zuciyata cike. Na ce, "Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya raya jikoki." Amma da muryarta maganar ta fito.

Ta miƙa hannu ta karɓi abarta, ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Ka ga ka sa na gode wa kaina. Ba komai. Na daɗe ban ji an gode mini ba, kuma da daɗi."

Na so in ƙara mata wata godiyar da tawa muryar, na juya neman jimina. A nan na farka, matata na kankare tukunya a tsakar gida.