Takardar Kwatano

A shekarun da aka fara shari'a a Kebbi, lokacin da wayar salula ba ta iso ƙasar Illo ba, kuma kogin Kwara na ba da giwan ruwan da sai mutum biyu ke ɗauka, Albashir Namadi ne shugaban ƙungiyar masunta. Allah sarki, zamani. Wasu masu aikin raya karkara suka buɗe wa ƙungiyar adireshin imel da sunansa, suka kama gabansu. Shi Albashir ko kusa da kwamfuta bai taɓa zuwa ba. Malami, sakataren ƙungiya, shi ke dubawa in ya je Birnin Kebbi sau ɗaya a wata, ya dawo yana hura hanci kamar wanda ya sauko daga Makka.

Wata Laraba ya dawo da takarda a aljihu. Ya iske Albashir a bakin ruwa yana gyaran taru, ya ja shi gefe, ya fassara masa a hankali. Wai wani lauya ne daga Kwatano. Wani attajiri mai suna Namadi ya rasu a haɗarin mota, ya bar dukiya a banki, ba magaji. An yi cigiya, an samo Albashir. Sai dai ya fara aika naira dubu ɗari da hamsin na takardun kotu, kuma kada kowa ya ji.

Malami yana ta zancen miliyoyi, Albashir kuwa sunan kaɗai ya ji. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa, Namadi, ya loda bandar kifi ya ƙetare iyaka, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ya ce kafin damina zai dawo. Damina kusan talatin ke nan. Har yau Albashir na tuna yadda yake zaunar da shi a goshin jirgi yana tuƙi yana waƙa da yaren Dendi, da yadda rigarsa ke ƙamshin hayaƙi. Ranar nan ƙato da furfurarsa ya juya baya ya share ido da hannun riga.

Ba shi da abin da ya kai wannan kuɗi sai injin jirginsa, wanda da shi yake ciyar da gida. Kafin kwana uku ya sami mai saye, suka tsayar da magana sai ranar kasuwa. Amma wani abu ya tsaya masa a rai. Ya biya wa Malami kuɗin mota, ya ce ya koma Birnin Kebbi.

"Ka ce ma lauyan ga ya hwaɗa min inda aka rufe shi. Wa ya yi mai wanka, wa ya sallace shi? In ya hwaɗi, ni da kaina zan tahi. Kuɗin kotu kuma ya cire cikin dukiyar. Ai ko likkafani daga abin da mamaci ya bari ake cirewa."

Malami ya yi ta gunaguni, wai ana batun arziki shi yana batun kabari. Amma ya tafi, ya kwana biyu, ya dawo da amsa. Doguwar wasiƙa ce, cike da "ɗan'uwana mai tsoron Allah". Doka ta hana a taɓa dukiyar, in ji lauya, kuma in kuɗi bai iso kafin Jumma'a ba gwamnati za ta cinye komai. Batun kabari kuwa, ko kalma ɗaya.

Albashir ya sa aka maimaita masa.

"Wanga bai taɓa ganin Baba ba," ya ce. "Wanda ya riƙe amanar mamaci ba ya rasa sanin kabarinai. Sunana ya gani a haɗe da na ubana, ya ɗana min ƙugiya. Je ka gaya ma mai sayen inji na hwasa."

Ya tsira da injinsa, amma wallahi ba murna a ransa. Gara a ce ya san inda zai tsaya ya yi addu'a. Ga shi kuma bakin Malami ba ya riƙe magana, labari ya riga ya kai kunnen mahaifiyarsa, Gaji, wadda ta ƙi wani aure tun tafiyar mijinta.

Ya same ta a zaune tana tsince shinkafa. Ya durƙusa ya gaya mata komai, bai ɓoye ba. Tsohuwa ta yi dariya har da tari.

"Babanku da banki? Mutumin da sisi ba ya kwana aljihunai? Tun da nij ji zancen miliyoyi na san ba shi ba ne."

Albashir ya fiddo takardar zai jefa a murhu. Ta riƙe masa hannu.

"Nuna min inda aka rubuta shi."

"Inna, takardar ƙarya ce."

"Na sani. Nuna min dai."

Ya lalubo sunan Namadi, wanda Malami ya ja wa layi da biro, ya ɗora mata yatsa a kai. Gaji ba ta iya boko ba. Ta daɗe tana kallon haruffan, sannan ta ninke takardar gida huɗu, ta ƙulle ta a bakin zanenta.